Wai da gaske ƙwayar ƙarfin maza tana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa?

Abdul Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke gidan nan a taimaka min da bayani. Wani bidiyo ne yake ta yawo, wani mai farar riga yana cewa wai an yi bincike a Ingila an gano Viagra tana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, wai har tana hana mantuwar tsufa. To tsohonmu kwanan nan mantuwa ta sako shi gaba, sai ya ajiye hula ya yi ta nema tana kansa, shi ne ƙanena ya dage wai mu sayo a kemis mu dinga ɓalla masa rabi-rabi ba tare da ya san ko ta mece ce ba. Yana da hawan jini, kuma akwai wata 'yar ƙwaya da yake sawa a ƙarƙashin harshe duk lokacin da ƙirjinsa ya riƙe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Bash Mai Waya: Kai Abdul 😂 ku ji tsoron Allah, Alhajin za ku ɗura wa wannan abu? Hajiya ta sani kuwa?

Hauwa Famasi: Wa alaikumus salam. Malam Abdul kar ku ba shi, ko rabin rabi kar ku ba shi. Na bar abin da nake yi ne don in rubuta maka wannan. Ƙwayar ƙarƙashin harshen nan da ka ambata kusan tabbas cikin dangin naitiret take, irin su Isordil ko naitirogilisarin, aikinta ta saki jijiyoyin jini. Ita ma Viagra sakin jijiya take yi, kuma ta hanya ɗaya suke bi a jiki, ɗaya tana ƙara sinadarin da ke sa jijiya ta saki, ɗayar tana hana jiki ya rusa sinadarin. In suka haɗu jini faɗuwa yake yi warwas, mutum ya ga jiri ya yanke jiki ya faɗi, wani daga nan sai dai a yi salati. A rubuce yake a takardar cikin kwalin cewa ba a haɗa su. Ko a asibiti in an kawo mai ciwon ƙirji aka san ya sha Viagra, sai an bar awa 24 kafin a ba shi naitiret, in Cialis ce, wato wata ƙwayar ƙarfin mazan, awa 48.

Abdul Fagge: Innalillahi. Na duba yanzu Anti, Isordil ce kuwa aka rubuta a jikin kwalin.

Hauwa Famasi: To ka gani. Ku kai shi wajen likitansa a duba mantuwar, don akwai abubuwan da ke kawo ta da ake iya gyarawa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, damuwa, ko ma wani maganin da yake sha.

Bash Mai Waya: Amma fa Anti ni ma na ga bidiyon, har sunan jami'a ya kira. Ƙarya ya yi kenan?

Dakta Mus'ab: Bash ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, rabin labarin ya ɗauka ya bar rabi. Binciken gaskiya ne, a Jami'ar Oksfod aka yi, aka fitar da shi a 2024. Mutum 75 ne kacal, duk waɗanda suka taɓa samun ɗan ƙaramin shanyewar jiki kuma hoton kansu ya nuna ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa. Kowanne an ba shi sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, na sati 3, an ba shi wani magani silostazol na sati 3, an kuma ba shi ƙwayar da babu magani a cikinta na sati 3, aka dinga auna jinin kai da na'ura. E, an ga jini ya ƙaru, jijiyoyin sun fi saurin amsawa. Amma ba su auna ko wani ya daina mantuwa ba, a sati uku ma wa zai auna wannan? Kuma babban abin da suka shirya gwajin dominsa, wato rage ƙarfin bugun da jini ke yi a jijiyar kai, bai ragu ba. Su kansu masu binciken cewa suka yi sai an yi gwaji babba tukuna.

Sadiya Kd: To ai Dakta in jini ya ƙaru a ƙwaƙwalwa ba shi kenan ba? Ni a tunanina abin da ake nema kenan, tunda rashin jinin ne ke kawo matsalar.

Dakta Mus'ab: Nan ne kowa yake zamewa Sadiya, har manyan kamfanonin magani. Ƙwaƙwalwa nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 na jiki ne amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, kuma Allah ya yi ta da tsarin da take daidaita wa kanta abin da take so, in jini ya hau ta tsuke jijiyoyinta, in ya sauka ta sake su. Matsalar tsohon da ya daɗe da hawan jini ita ce jijiyoyinsa sun yi tauri kuma sun saba da jini a sama, in ka ba shi abin da zai saki jijiyoyin jiki baki ɗaya jinin sai ya tafi ƙafa da ciki da fata, inda kake son ya je ɗin shi ne zai rasa. Zuciya ma haka, ita jijiyoyinta suna cika ne a ɗan tsakanin bugu da bugu lokacin da ta saki, in jini ya faɗi sai ta ƙara gudu don ta cike giɓi, tsakanin ya gajarce, ga aiki ya ƙaru ga abincinta ya ragu. Akwai ma wani abu da muke gani, jijiyar da ta toshe dama ta riga ta buɗe iya buɗewarta, to magani sai ya buɗe lafiyayyun, jinin ya bi ta can ya bar wajen da ke ciwo. Har amfani ake yi da wannan a gwajin zuciya, a ba mutum adenosin da gangan don a ga wane ɓangare ne jini ba ya isa.

Bash Mai Waya: Dakta ka mayar da mu aji wlh. Ni tambayata ɗaya, me ya kai maganin maza wajen zuciya da kai tun farko?

Hauwa Famasi: Ai daga can ya fito Bash. Kamfanin Pfizer ya haɗa shi a 1989 a ɗakin bincikensu da ke wani gari Sandwich a Ingila, don hawan jini da ciwon ƙirji aka yi shi. Aka gwada a farkon shekarun 1990 bai taɓuka abin kirki a zuciyar ba, sai mazan da ke cikin gwajin suka dinga ba da rahoton wani abu daban, ka gane ai. A 1998 Amurka ta amince da shi da sunan Viagra. A 2005 kuma aka sake amincewa da shi da sunan Revatio don hawan jinin huhu, wannan kam yana yi, har jarirai ana ba su a asibiti.

Bash Mai Waya: Ashe an je neman kiba aka samo abin da ya fi kiba kasuwa 😂

Nura Ɗan Jami'a: Ni fa ina ganin kuna rage wa maganin daraja. Na karanta cewa a 2021 masu bincike na Cleveland Clinic sun duba bayanan inshorar mutum sama da miliyan 7, suka ga masu shan sildenafil haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ta Alzheimer ya ragu da kashi 69 cikin 100. Miliyan bakwai fa, ba 75 ba. Wannan ma za ku ce ba komai ba ne?

Dakta Mus'ab: Nura adadin da ka kawo daidai ne. Amma ka tambayi kanka, wane dattijo ne yake zuwa wajen likita ya nemi a rubuta masa Viagra? Wanda ke da sauran ƙarfi, yana da iyali kusa, zuciyarsa ba ta yi lalacewar da za a hana shi ba, kansa kuma garau. Wanda mantuwa ta fara ci ko yake kan naitiret ba ya cikin layin tun farko. To ba ka sani ba ko maganin ne ya kare su ko dama masu lafiya ne suke sha. Shi ya sa a 2022 wasu masu bincike tare da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, suka sake dubawa a cikin masu hawan jinin huhu, suka kwatanta masu shan dangin sildenafil da masu shan wani magani daban na ciwo ɗaya, ba su ga bambanci ba.

Nura Ɗan Jami'a: To amma ba a tabbatar ba ya yi ba ai. Kuma magani ne da aka shekara sama da ashirin ana sha, ba sabon abu ba ne da za a ji tsoro.

Hauwa Famasi: Tsufan magani ba ya nufin ya dace da kowane jiki Nura. Bari in ba ka wanda har yau in na tuna jikina yake sanyi. A ƙasar Holan an yi gwaji a kan mata masu ciki waɗanda 'ya'yansu ba sa girma a ciki saboda jini ba ya isa mabiyiya sosai. Tunanin mai kyau ne a takarda, a ba su sildenafil jijiyoyi su buɗe yaro ya samu abinci. A 2018 aka dakatar da gwajin, jarirai 11 a ɓangaren da aka ba maganin sun rasu da matsalar huhu bayan haihuwa, kuma girman da ake nema bai samu ba. Wannan fa a hannun ƙwararru ne ana sa ido dare da rana, ba a kemis ɗin bakin layi ba.

Maman Khadija: Allah sarki. Ina ta karantawa ban so sa baki ba, amma ni abin ya shafe ni ta wani gefen. 'Yata sikila ce, ana kai ta ana ɗora mata wani abu a gefen kai kusa da kunne ana shafa mai kamar na sikanin masu ciki, sai ka ji na'urar tana wani shuu shuu. Aka ce min in gudun jinin ya yi yawa shi ne hatsari. Ni kuma abin ya ɗaure min kai, ku a nan kuna maganar a ƙara gudun jini, ni ana ce min a rage. Wanne ne gaskiya?

Dakta Mus'ab: Sannu Maman Khadija, Allah ya ba ta lafiya. Duk biyun gaskiya ne. Awon nan shi ake kira TCD, saurin jinin yake aunawa ba yawansa ba. Kin san in kina ban ruwa da tiyo kika matse bakinsa da yatsa ruwan sai ya fito da ƙarfi, ba don ya ƙaru ba sai don hanya ta ƙuntata. Haka jijiyar kan yaro mai sikila, in ta fara tsukewa ga kuma ƙarancin jini, sai saurin ya hau. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko ya wuce, yaron yana cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki, kusan 1 cikin 10 a duk shekara in ba a yi komai ba. Tun 1998 wani gwaji a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage wannan hatsarin da kusan kashi 90, amma ke kin san ƙarin jini duk wata a nan ba wasa ba ne, ga kuɗi ga neman mai bayarwa ga tsoron jinin da ba a tace da kyau ba.

Maman Khadija: Wallahi kuwa. Mu maganin sikila haidroksiyuriya aka ɗora ta a kai.

Dakta Mus'ab: To wannan da kike ba ta, hujjarsa a nan gida aka samo wani ɓangare nata. An yi gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, yara 220 masu saurin jini a kai, aka raba su biyu, wasu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu wasu 20. Aka fitar da sakamako a 2022, ƙaramin awon ma ya wadatar wajen kare shanyewar jiki, duka ɓangarorin yara kaɗan ne suka samu. Su wannan abin da suka ƙirga shi ne yara nawa ne jikinsu ya shanye, ba lambar kan na'ura kaɗai ba.

Kawu Ɗanlami: Ni dai duk wannan gwaje-gwajen naku ban yarda da su ba. Ku yara ne, mu muna nan a 1996 lokacin sanƙarau, da idonmu muka ga yadda asibitin zana ya cika har ƙasa ana kwantar da yara. Wannan kamfanin Pfizer da kuke ta kira shi ne ya zo ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200, 11 suka mutu, wasu suka kurumce wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara goma sha uku ana jan magana. Yanzu kuma ku ce min a kai yaro a gwada masa magani?

Dakta Mus'ab: Kawu ranka ya daɗe, ba mai musa maka wannan, kuma abin ya bar tabo, ko ƙin rigakafin shan inna na 2003 da wannan a cikinsa. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa sanƙarau ɗin ne ya kashe yaran, 5 a ɓangaren Trovan 6 a ɓangaren ɗayan maganin, amma maganar izinin iyaye da takardar amincewar da aka ce an yi ta daga baya, wannan ba abin karewa ba ne. Inda zan roƙe ka shi ne kar a haɗa su a kwando ɗaya da na Aminu Kano. Na Aminu Kano ɗin likitocinmu ne suka yi shekaru suna bin yaran, da kwamitin da ke duba sakamako yana da ikon tsayar da aikin.

Kawu Ɗanlami: Kwamiti. To Allah ya sa kwamitin ya san darajar ɗan talaka.

Hauwa Famasi: Kawu ba zan ɓoye maka ba, akwai na kwanan nan da zai ƙara maka ƙarfin gwiwa a maganarka. Wani maganin sikila Oxbryta, Amurka ta ba shi amincewar gaggawa a 2019 saboda yana ɗaga yawan jini a awo. Pfizer ta sayi kamfanin da ke yin sa a 2022 a kan dala biliyan 5.4. Aka yi gwajinsa a kan yara 236 masu saurin jini a kai, da Najeriya da Gana da Kenya da Masar a cikin ƙasashen, don a ga ko zai sauke lambar TCD ɗin nan ta Maman Khadija. Hukumar magunguna ta Turai ta bayyana cewa yara 8 sun rasu a ɓangaren maganin, 2 a ɓangaren da ba a ba maganin ba. A watan Satumba 2024 kamfanin ya janye shi daga duniya baki ɗaya.

Sadiya Kd: Subhanallah. To maganin ne ya kashe su?

Dakta Mus'ab: Ba a yanke haka kai tsaye ba, da yawa cikinsu akwai maleriya ko wata cuta da ta shiga jini a lokacin. Amma tunda ƙuri'a ce ta raba yaran, maleriyar ya kamata ta faɗa wa ɓangarorin biyu kusan daidai, to 8 da 2 dole a tsaya. Abin da ya fi ɗaga min hankali a labarin shi ne awon ya yi kyau, jini ya hau, saurin da ke kai ma ya sauka. Yadda maganin ke aiki shi ne yana sa jini ya riƙe iskar oksijin gam don kar ƙwayar jinin ta lanƙwashe, shi ne wasu masana suke tambaya tun farko, in ya riƙe gam ɗin yana sakar wa nama kuwa yadda ya kamata? Irin wannan ta taɓa faruwa da zuciya a 1989, aka ba waɗanda suka yi bugun zuciya magungunan filekenaid da enkenaid don su gyara tsallen da zuciya ke yi, a takardar awo tsallen ya ɓace tas, amma mutuwa ta ninka fiye da sau biyu a kan waɗanda ba a ba maganin ba. Likitoci sun daɗe suna rubuta su da kyakkyawar niyya kafin gwajin ya tona.

Kawu Ɗanlami: To ka ga maganata ta fito.

Dakta Mus'ab: Rabinta Kawu. Da ba a ajiye ɓangaren da ba a ba maganin ba ana kwatantawa, wa zai san 8 ɗin nan sun yi yawa? Sai a ce sikila ce da maleriya, a ci gaba da sayarwa, wata rana ya iso kemis ɗin unguwarku.

Kawu Ɗanlami: Na ji, amma jikana dai ba ya ciki. Wanda ya ga zai iya ya kai nasa.

Nura Ɗan Jami'a: Dakta to masu sikila fa da sildenafil ɗin? Tunda su ma jijiyoyinsu toshewa suke yi ai kamar zai taimaka.

Dakta Mus'ab: An gwada Nura, a Amurka da Ingila, a kan masu sikila da ake zargin hawan jinin huhu. A 2009 aka tsayar da shi kafin lokaci don masu shan maganin sun fi yawan kwanciya asibiti da ciwon ƙashi.

Hauwa Famasi: Kuma tunda an zo nan, maza masu sikila da masu ciwon zuciya ku yi hattara da kayan ƙarfin maza na kwalba da zumar leda da ake cewa na gargajiya ne zalla. An sha kama irinsu a ƙasashe da dama da sildenafil a ciki ba a rubuta ba, kuma ba ka san awon da aka zuba ba.

Bash Mai Waya: Anti kin taɓa kasuwar mutane fa, yanzu wasu a gidan nan za su yi shiru kamar ba su gani ba 😂

Maman Khadija: Dakta tambaya ta ƙarshe don Allah, awon kan nan sau nawa ya kamata a dinga yi? Kuma ƙaninta ma sikila ne, shekararsa 3, shi ba a taɓa yi masa ba.

Dakta Mus'ab: Ya isa a yi masa. Daga shekara 2 ake farawa har zuwa 16, sau ɗaya a shekara in sakamakon lafiya lau ne. In ya faɗa tsakanin 170 da 199 za su ce ki dawo da wuri a sake, in ya kai 200 ba a jira. Ranar da za ki kai shi ki tabbata ba ya zazzaɓi kuma ba a yi masa ƙarin jini kwanan nan ba, don duka biyun suna canza lambar. Ki tafi da katin yayar tasa ma su duba yaushe aka yi mata na ƙarshe.